Yadda Ake Zama Ɗan Sahun Gaba na Tsaro a Ƙwallon Amurka, Daga Koyon Tsuguno Zuwa Kwantiragin NFL

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka kowane ɓangare yana da mutum 11 a fili. Masu kai hari suna da dama huɗu su ci yadi 10, in sun kasa ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Kafin kowace dama, ƙarti biyar suna jeruwa gaban mai jifa, wato kwatabak, su yi masa garkuwa. Mutum uku ko huɗun da ke tsugune gaba da gaba da waɗannan ƙarti su ne 'yan sahun gaba na tsaro. Aikinsu biyu ne: su toshe hanyar mai gudu da ƙwallo, su kuma cim ma kwatabak kafin ya saki jifa. In aka kayar da shi ƙwallo na hannunsa, wannan shi ake kira sak.

Mutane suna ganin girman jikin waɗannan 'yan wasa sai su ɗauka shi ne sana'ar. Girma ƙofar shiga ce kawai. Abin da ke ajiye mutum a wannan aiki shi ne takun farko, da inda hannunsa ya sauka, da yadda ya iya zama ƙasa da wanda ke gabansa.

Fara da sanin gurbin da jikinka ya dace da shi

Sahun masu garkuwa yana da santa a tsakiya, shi ke miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa. Gefensa biyu akwai gad, bayan su kuma takul. Tsakanin kowane mutum biyu akwai ƙofa: ta tsakanin santa da gad ita ce A, ta tsakanin gad da takul B, ta wajen takul C. Wurin tsayuwar mai tsaro kuma da lamba ake faɗinsa. Sifiri shi ne daidai fuskar santa, 1 kafaɗar santa, 3 kafaɗar gad ta waje, 5 kafaɗar takul ta waje, 9 kuwa can gefe nesa. Haddace waɗannan kafin komai, domin da su koci zai riƙa yi maka magana.

Mai tsayawa a sifiri ko 1 shi ne mafi nauyi, yawanci kilo 145 zuwa 160. Mutum biyu ne ke taruwa a kansa, kuma nasararsa ita ce kada su gusar da shi ko taku ɗaya, don abokansa na baya su sami sarari su kama mai gudu. Ba kasafai ake jin sunansa ba. Mai lamba 3 ya fi shi sauƙin jiki, kilo 130 zuwa 140, aikinsa kutsawa ta ƙofar B da sauri. 'Yan gefe kuma, masu tsayawa a 5 ko 9, dogaye ne, santimita 190 zuwa 198, kilo 115 zuwa 130, masu dogon hannu da laushin ƙugu.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne yaro mai jikin ɗan gefe ya dinga cusa abinci don ya kai kilo 150, ya rasa saurin da shi ne jarinsa. Kada ma'auni ya tsorata ka. Aaron Donald tsayinsa bai wuce santimita 185 ba, nauyinsa wajen kilo 129, masu tantancewa da yawa sun ce ya yi ƙanƙanta. Ƙungiyar Rams ta ɗauke shi na 13 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, a 2014, ya zama gwarzon mai tsaro na shekara har sau uku, a 2017 da 2018 da 2020.

Tsuguno da tashi

Buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa. Ja ƙafa ɗaya baya har yatsunta su daidaita da dundunniyar ɗayar. Sa hannun da ke ɓangaren ƙafar baya a ƙasa, bisa kan yatsu, kaɗan gaba da hular kwanonka. Baya ya miƙe, ƙugu ya ɗan fi kafaɗa tudu, ɗayan hannun kuma a shirye kusa da ƙirji. Ga yadda ake gwadawa: in aka share hannun da ke ƙasa ba zato, ya kamata ka faɗi gaba. In ba ka faɗi ba, nauyinka yana kan dundunniya, kuma za ka makara.

Idonka a kan ƙwallo, ba kunnenka a kan muryar kwatabak ba. Da gangan yake ɗaga murya don ya yaudare ka ka tsallaka kafin lokaci, hukuncin kuwa yadi 5 ne kyauta. Ƙwallo na motsawa, ka tashi.

Takun farko yana da iri biyu. In kana zaton gudu za su yi, ya zama gajere, kamar santimita 15, don ƙafa ta koma ƙasa kafin a buge ka. In ka tabbata jifa ce, ya zama dogo, ƙafar baya ta wuce inda hannunka yake. Abubuwa biyu ke lalata tashi. Na farko, ja da ƙafa baya kafin a yi gaba, wanda ke faruwa in tsugunon ya yi tsawo ko nauyi bai kan ƙafar gaba. Na biyu, miƙewa tsaye nan take. Duk wanda ya san kokawa ya san wannan: wanda ƙugunsa ya fi ƙasa, hannunsa kuma ya shiga ciki, shi ke ɗaga ɗan'uwansa. Shi ya sa masu horarwa a Amurka ke son yaron da ya yi kokawa a sakandare. Don gyara miƙewa, ana atisaye a ƙarƙashin wata rumfar ƙarfe gajera, wadda duk wanda ya ɗago zai bugi rufinta. Tashi 15 zuwa 20 a kowane zama, wani yana motsa ƙwallo ɗaure a sanda, ya isa.

Hannu, da karanta abin da ake yi maka

Bugun farko da tafin hannu ake yi, manyan yatsu suna kallon sama, gwiwar hannu a matse da haƙarƙari, a sauka kan sulken ƙirjin abokin karawa. Ƙarfin daga ƙugu yake tasowa, hannu isarwa kawai yake yi. Daga nan ka miƙe hannuwa gaba ɗaya don ka raba ƙirjinka da nasa, ka leƙa ƙofarka, in ka ga mai ƙwallo ka fizge shi gefe ka wuce. In gwiwar hannunka ta buɗe waje, hannunsa zai shiga ƙirjinka, kuma daga nan shi ke tuƙa ka. Ka kiyayi fuska: tura hannu a fuskar mutum laifi ne, marin hular kwano kuwa tun 1977 aka hana shi.

Wanda ke gabanka shi zai gaya maka inda ƙwallo za ta bi, in ka iya kallo. In ya taho maka kai tsaye, gudu ne ta wajenka, ka tsaya daram. In ya yi taku gefe yana neman kafaɗarka ta waje, so yake ya rufe ka ciki, sai ka bi shi gefe kana riƙe da ƙofarka. In ya bar ka ya faɗa wa na kusa da kai ta ciki, kada ka yi murna ka ruga gaba: wani gad yana zagayowa ta baya ya kwashe ka. Matse ciki, ka juyo da ido inda zai ɓullo. In mutum biyu suka haɗu a kanka, ka bugi ɗaya, ka sauke ƙugu, ka cusa kafaɗa tsakaninsu. In ka ji ana gusar da kai, gara ka kai gwiwa ƙasa ka zama tulin da zai toshe wurin, da a kai ka yadi biyar baya cikin ƙafafun abokanka.

Akwai kuma tarkon da ke kama sababbi kullum. In mai garkuwa ya ɗan taɓa ka ya sake ka cikin sauƙi, kwatabak kuma yana ta ja da baya kamar yana gayyatarka, gajeriyar jifa ce za a yi ta bayanka. Taka birki, ka juya ka nemi mai gudu.

A nan ne ake gane wanda zai daɗe. Kowane mai tsaro ƙofa ɗaya aka ba shi, wani lokaci biyu. Wanda ya bar tasa don ya hango ƙwallo a wata, shi ke buɗe hanyar gudun yadi 40, kuma ranar Litinin bidiyo zai nuna kowa ya gani.

Farautar kwatabak

Lokacin da kake da shi daƙiƙa biyu da rabi ne zuwa uku. Bai isa a yi dabara uku ba, don haka ka zo da shiri: dabara ɗaya da ka ƙware a kai, da ta biyu wadda ke cin wanda ya shirya wa ta farkon.

Ka'idar farko, kada ka kai hari tsakiyar mutum sai in ture shi za ka yi. Zaɓi rabinsa. Ɗan gefe yana rugawa ta kafaɗar waje, ya sare hannun takul ƙasa, ya sunkuyar da kafaɗarsa ta ciki, ya cusa hannu ta ƙarƙashin hammatar takul ya ɗaga sama, sannan ya lanƙwasa ya nufi kwatabak. Lanƙwasawar nan ce ke raba gwani da saura, kuma daga idon sawu da ƙugu take. Ana koyonta da gudu kewaye da babban zobe a ƙasa, yatsun ƙafa suna kallon cikin zoben, har mutum ya iya ɗaukar tawul daga ƙasa bai rage gudu ba. In takul ya fara tsoron saurinka yana ja da baya da wuri, nauyinsa ya koma dundunniya, sai ka juya gudun ya zama turi: hannu ɗaya miƙe a ƙirjinsa, ka kai shi har kan kwatabak. In kuma ya wuce gona da iri wajen tare waje, ka bi ta ciki, ko da juyi ko da kaɗe shi da hannu. Dabarar ɗaga hannu ta saman kafaɗar mutum kamar mai iyo ta dogaye ce. Gajere in ya yi ta, haƙarƙarinsa ya buɗe, a ture shi.

Kada ka wuce zurfin kwatabak. Ɗan gefen da ya zarce shi ya fita daga wasan, ya kuma buɗe masa hanyar tserewa. In ka iso, hannu ɗaya ya kama jiki, ɗayan ya sari ƙwallo. Sannan ka san doka sarai: bugun kai ko wuya, faɗa wa gwiwarsa ko ƙasa da ita, buga shi bayan ya saki ƙwallo, ko danne shi da dukan nauyinka, duk yadi 15 ne da sababbin dama huɗu ga masu hari. Koyi mirginawa gefe yayin faɗuwa.

Tun 1982 ake lissafa sak a hukumance, kuma Bruce Smith ne ke kan gaba da 200, Reggie White na biye da 198. Amma masu horarwa suna ƙirga har sau nawa ka matsa wa kwatabak ya yi jifa a gaggauce, ko da ba ka taɓa shi ba.

Ginin jiki

Ɗaga ƙarfe kwana uku zuwa huɗu a mako: tsuguno da ƙarfe a kafaɗa, ɗagowa daga ƙasa, fizgowa zuwa ƙirji, turawa a kwance, da atisayen wuya da riƙon hannu. Gudu ya zama gajere, yadi 10 zuwa 20, da tura keken nauyi, domin kowane wasa 'yan daƙiƙoƙi ne sai hutu. Gudun kilomita goma ba ya ƙara maka komai a nan. Furotin giram 1.6 zuwa 2.2 ga kowane kilo na jikinka a rana, barci awa takwas ko fiye. In nauyi yana hawa amma lokacinka na yadi 10 yana lalacewa, kitse kake tarawa.

Abu ɗaya da ya shafi 'yan Afirka ta Yamma kai tsaye: ka san rukunin jininka. Mai AS yana iya wasa, amma atisaye mai tsanani ba hutu, ga zafi ga ƙishirwa, yana iya sa jininsa ya toshe jijiyoyi ya faɗi, kuma an yi asarar rayukan ɗalibai ta haka. Tun 2010 hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta shigar da gwajin sikila cikin sharuɗɗan babban rukuninta. In ƙafafu suka mutu maka ba tare da ɗaurewar tsoka ba, ko numfashi ya gagara, ka tsaya nan take ka faɗa. Zafi ma yana kashe manyan mutane: Korey Stringer na Minnesota Vikings ya rasu a sansanin atisaye a 2001. Magungunan ƙarin ƙarfi kuwa, dokar NFL ita ce duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhaki, ko da ba a rubuta shi a jikin kwalba ba.

Hanyar shiga

Babbar hanya ita ce sakandare a Amurka, sannan jami'a. Don buga wa babban rukunin NCAA sai ka yi rajista da cibiyarta ta tantancewa, ka cika darussa 16 da ta gindaya da matsakaicin maki 2.3. Wanda takardunsa ba su kai ba yakan fara da kwalejin shekara biyu. Ba a shiga zaɓen NFL sai shekara uku bayan gama sakandare.

Fara wasa a makare ba ya rufe ƙofa a wannan gurbi kamar yadda yake yi wa kwatabak. Ezekiel Ansah ya bar Accra ya je jami'ar BYU, ya gwada ƙwallon kwando da tsere, sai a 2010 ya fara wannan wasa, a 2013 Detroit Lions suka ɗauke shi na 5. Amobi Okoye, haifaffen Anambra, Houston Texans sun ɗauke shi na 10 a 2007 yana da shekara 19.

Hanya ta biyu ta waɗanda ke wajen Amurka ce. Tun 2017 NFL tana da shirin shigo da 'yan wasa daga ƙetare, inda zaɓaɓɓu ke yin horon makonni a jihar Florida kafin a nuna su ga ƙungiyoyi. Efe Obada, wanda aka haifa a Najeriya ya tashi a Ingila, shi ne na farko daga shirin da ya shiga cikakken jerin 'yan wasa, a Carolina Panthers a 2018. Osi Umenyiora, wanda ya ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na NFL, sau biyu da New York Giants, shi ke jan ragamar neman matasa a Afirka, kuma an yi sansanin NFL a Ghana a 2022, Kenya a 2023, Legas a 2024. 'Yan shekara 16 zuwa 19 kuma akwai makarantar NFL a Loughborough ta Ingila. Abin da ake dubawa a irin waɗannan wurare tsayi ne, tsawon hannu, tsalle da gudu, don haka ka tanadi bidiyo mai nuna awonka a fili. Duk wanda ya nemi kuɗi a hannunka da alkawarin gurbi a wata ƙungiya, ka rabu da shi.

Gwaji da zaɓe

A ƙarshen Fabrairu ake gayyatar fitattun ɗalibai birnin Indianapolis. Za a auna jiki, likitoci su binciki kowane tsohon rauni, ƙungiyoyi su yi maka tambayoyi a gaban allo. A gudun yadi 40, abin da ya fi damun masu duba ɗan sahun gaba shi ne yadi 10 na farko. Ana tura ƙarfe mai kilo 102 a kwance iya yawan da aka iya. Stephen Paea ya yi 49 a 2011. Gudu tsakanin alamomi uku yana nuna laushin ƙugu. Hannun da ya kai santimita 84 abin so ne ga ɗan gefe. Duk da haka bidiyon wasanninka ya fi waɗannan lambobi nauyi.

A ƙarshen Afrilu ƙungiyoyi 32 ke zaɓe, zagaye bakwai. Wanda aka zaɓa yana samun kwantiragin shekara huɗu, na zagayen farko kuma ƙungiya tana da zaɓin ƙara ta biyar. In ba a kira sunanka ba, kana da 'yancin zaɓar inda za ka, kuma a nan ka duba ƙungiyar da ke da ƙarancin mutane a gurbinka da tsarin da ya dace da jikinka, ba wadda ta fi suna ba. Wakilinka dole ya zama mai lasisin ƙungiyar 'yan wasa, ladansa kuma ba ya wuce kashi 3 cikin 100.

Daga 90 zuwa 53

Ana shiga sansani a ƙarshen Yuli da mutum 90, a ƙarshen Agusta a rage zuwa 53. Wasu 16 suna zama a rukunin atisaye, da ƙarin gurbi ɗaya na ɗan ƙetare tun 2024. Bambancin kuɗin babba ne: a 2024 mafi ƙarancin albashin sabon ɗan wasa dala 795,000 ne a shekara, na rukunin atisaye kuwa dala 12,500 a mako. Sabon da ke son tsira ya koyi gurbi biyu, ya karɓi, hannu bibbiyu, aikin tare ƙwallon da aka buga da ƙafa, kada kuma ya maimaita kuskuren da aka gyara masa jiya.

Kakar wasa wasanni 17 ce. Litinin bitar bidiyo, Talata hutu, Laraba zuwa Juma'a atisaye, Asabar bita a hankali. Awannin bidiyo su ne rabin sana'ar. Duba mutumin da za ka kara da shi: in yatsunsa sun danne ƙasa sosai, gaba zai taho, in hannun ya yi sakwa-sakwa, ƙugu ya zauna, baya zai ja ko zagayawa zai yi. Duba ko da hannu biyu yake bugu lokaci guda ko ɗaya bayan ɗaya, da dabarar da ta ci shi makonni uku da suka wuce. Ka kuma kalli naka bidiyon, domin shi ma yana neman alamarka.

Kwantiragi na biyu, da jikin da zai rage maka

Babban kuɗi yana kwantiragi na biyu, bayan kaka huɗu, lokacin da mutum ke da 'yancin zuwa kasuwa. Myles Garrett ya sa hannu da Cleveland Browns a 2025 kan dala miliyan 40 a shekara. Amma matsakaicin zaman ɗan wasa a NFL shekara uku ne da 'yan watanni, yawanci ba sa kaiwa can. A kowane kwantiragi, adadin da aka lamunce maka shi ne naka, sauran ana iya soke shi ranar da aka sallame ka. Cire haraji da ladan wakili kafin ka lissafa abin da za ka kashe ko ka aika gida.

Gwiwa, kafaɗa, ƙashin baya da yatsu su ne ke fara lalacewa. Kai ya fi su haɗari, domin ɗan sahun gaba yana haɗa hular kwano da wani kusan a kowane wasa. Likitan nan ɗan Najeriya, Bennet Omalu, shi ya binciki ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon santa na Pittsburgh Steelers, a 2002, ya bayyana cutar da yawan bugun kai ke jawowa. Tun 2022 ake sa wa 'yan sahun gaba hula mai laushi a kan hular kwano lokacin atisayen sansani. Ka buga da hannu, fuska a ɗage, kada ka sunkuyar da kai ka yi karo da tsakarsa. In ka ji jiri, ko haske ya dame ka, ko ka manta kiran da aka yi yanzu, ka gaya wa likitan ƙungiya a ranar. Fansho kuma sai wanda ya cika kaka uku da aka lissafa masa, kuma kaka ba ta shiga lissafi sai ka kasance cikin jerin ƙungiya na aƙalla wasanni uku a shekarar.